Rajistar Lauya a Ɗakin Gawa

Ranar ƙarshe ta rajista a jami'a, Kawu ya ce zai rako ni daga Shagari. Na ce, "Haba Kawu, mai shirin zama lauya za ta ɓace?"

Ban san harabar jami'ar biyu ce ba. Na sauka a ta cikin gari, na bi ɗalibai masu farar riga har cikin wani ɗaki ina taƙama. Ashe likitanci suke karantawa. Malaminsu ya yaye ƙyalle, sai ga gawa. Na kurma ihu, na zube.

Da na farfaɗo, mai gadi ya ce, "Ɗiyata, lauyoyi suna harabar bayan gari. Ruga, an kusa tashi!"

Da ƙyar na samu rajistar. Har yau in yayata ta lulluɓa za ta kwanta, sai Inna ta ce, "Ke, buɗe huska, kada Barista ta some muna."