Ranar da Na Kai Sarkin Ruwa Teku

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da aka karanta abin kunyata a lasifika, kuma ni na roƙa da bakina.

Shekarar da na yi ritaya daga koyarwa ce. Wanda bai ɗanɗana ba, ba zai gane ba: ka tashi da safe ka sa hula, sannan ka tuna babu mai jiranka. Ina zaune a gida a Hotoro kamar tsohuwar kujera, har matata Hajiya ta fara cewa, "Malam, ko kasuwa za ka leƙa?" don dai in ba ta wuri ta yi shara. A haka wata tsohuwar ɗalibata, Rifkatu, 'yar Zariya, ta ja ni cikin ƙungiyar masu rubuta maƙaloli da Hausa a kundin ilimin nan na intanet da kowa ke iya gyarawa. Duk Asabar muna haɗuwa a wani zaure a Nassarawa GRA. Ni kaɗai ne mai furfura, suna ce mini Baba Malam, kuma nan ne kaɗai wurin da ya rage ana tambayar ra'ayina. Da aka ce za a zaɓi mai koya wa sababbin shiga, sai na ƙwallafa rai. Na so in sake tsayawa gaban allo, ko na aro ne.

Da aka raba aiki, maƙalar kamun sikalof ta faɗo mini. Wata halittar teku ce mai ɓawo biyu, dangin makankari, ana cin tsokar cikinta. Ni kuwa babban ruwan da na taɓa gani shi ne na madatsar ruwan Tiga. Amma na ce a raina, kamun kifi ai kamun kifi ne, ko a Wudil ko a Turai, ga shi kakana masunci ne. Sai na zuba: masu kamun sikalof kan hau gora su shiga ruwa da komar kamun kifi a hannu, ba a fara su sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma ana neman tsari daga kada. A gurbin madogara na rubuta, "Daga bakin kakana, Allah ya jiƙansa." (A ganina wannan ya fi kowane littafi.)

Kowace maƙala tana da shafin da masu dubawa ke barin sharhi. Ran Juma'a na ga wata baiwar Allah ta bar mini dogon saƙo. "Malam, Allah ya saka da alheri. Hausarka ta burge ni, an daɗe rabon da in ga irinta." Nan na kife wayar. Me kuma zan nema? Na ce wa Hajiya ta shirya, gobe za ta raka ni ta ga aikin mijinta.

Muna shiga zauren Rifkatu ta tare ni, murya ƙasa-ƙasa. "Baba Malam, ka karanta saƙon nan har ƙarshe kuwa? Mu bari sai an tashi mu yi magana."

Na ɗauka wani take so ta ba muƙamin mai koya wa sababbin shiga. Na ce, "Haska shi a bango, 'yata, yara su koya. Ki kuma ɗauki lasifika, na baya ba sa ji."

Ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta fara. Yabon ya wuce ina gyaɗa kai. Sai ta zo kan "Sai dai," ta dakata ta ɗago kai. Na ce, "Ci gaba mana."

"Sai dai da jiragen ruwa ake kamun sikalof, suna jan wani ƙaton ƙarfe mai raga a ƙasan teku. Wanda ya hau gora a ruwan nan mai sanyi ba zai dawo ba. Babu Sarkin Ruwa a can, babu kada. Allah ya jiƙan kakanka, amma ba madogara ba ne. Na goge abin da ka ƙara gaba ɗaya, na bar layi biyu na farko saboda daɗin Hausarsu."

Da sun yi dariya da ya fi mini sauƙi. Ba wanda ya yi. Kowa ya sunkuyar da kai kan kwamfutarsa saboda ganin girmana, sai ƙarar fanka. Hajiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

A mota, da muka kusa gida, Hajiya ta ce, "Ai an ce Hausar ta yi kyau." Wannan tausayin ya fi komai yi mini ciwo.

Wata yarinya 'yar Gama aka ba muƙamin, kuma ta cancanta. Ni har yau ina zuwa, ina zama a layin baya ina gyara wa mutane waƙafi da aya. Ana gaishe ni da ladabi, amma an daina tambayata ra'ayi.

Abin da na koya da furfurata shi ne, idan mutumin kirki ya fara da yabonka, gaisuwa yake yi tukuna. Ka gyara zama ka jira "sai dai," kuma ka jira ta kai kaɗai, ba tare da matarka ba.