Keken Hawan Dutse a Ƙasar Rairayi

Jama'a, yau na shiga wani ƙauye na wajen Gabi a kwance bisa amalanken jaki, keken lantarki yana kwance a gefena, kamar mu biyu aka sallamo daga asibiti. Tun da mata sun gani da idonsu, na san labarin zai riga ni zagaya Madarunfa. Gara ku ji daga bakina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Anas, ɗan aiken ƙungiyar manoma. In iri ya zo, ni ke kai wa ƙauyuka. Da moto, wato babur, nake yi a da, har layin esansi, wato fetur, ya mayar da ni ɗan gida a gidan mai: ka je da safe, ka ci abincin rana a layi, ka iso gaba a ce ya ƙare. Sai Allah ya jefo mana wata furoje, irin shirin nan na masu ba da tallafi. Masu Girma suka zo da jerin manyan motoci kat-kat, kowace tana shan man da zai ishe ni damina guda, don su koya mana tsimin mai. Allah ya saka musu. Mai Girma Babban Mai Kula da Masu Kulawa ya miƙa mini keke, ya ce na hawan dutse ne, babu tsaunin da zai gagare shi. Ina tafe ina waige-waige, ko an kawo dutsen tare da shi. Ni dai tun da aka haife ni a nan, rumbun babana ne abu mafi tsawo da na taɓa hawa.

Kuma ba a ba ni shi tsirara ba. A gaba an ɗaura allon ƙarfe mai ɗauke da sunayen duk waɗanda ya kamata in gode wa. A baya akwai akwatin ƙarfe da kwaɗo, mabuɗin yana buro, can ofishinsu. Ga sandar tuta, ga madubai kamar na ɗakin amarya. Na kai shi ɗaki na lulluɓe, ina tattalin wutarsa.

Jiya da la'asar ruwa ya sauka sosai a wancan gefen. Balaraba, shugabar matan ƙauyen, ta kira ni. "Malam Anas, ƙasa ta jiƙa. An ce kar mu ajiye namu iri, za a kawo mana mai kyau. In waken nan bai zo gobe ba, laima ta tafi, mun yi asarar shekara."

Da sassafe na ɗaure buhunan iri na hau. Wallahi farkon tafiyar ba a cewa komai. Na taka sau ɗaya, keke ya ɗauke ni kamar ana tura ni. Da na zo wucewa ta layin esansi har hannu na ɗaga musu, irin ɗagawar Masu Girma. Ina sauka daga babbar hanya na shiga rairayi, sai ya fara nishi. Ɗan gilashin da ke kan ƙahonsa ya yi ja, ya nuna wata lamba, ya mutu. Na danna duk abin da ke dannuwa. Na yi masa magana da Hausa, na gwada da ɗan Faransancina. Shiru.

Wanda bai taɓa tura keken lantarki a jiƙaƙƙen rairayi ba, kar ya ce mini ya san wahala. Rana tana hawa, ina kallon ƙasa tana bushewa a ƙarƙashin ƙafata, ga abincin gidaje a bayana.

Can sai ga Abdurrahman, wani mai amalanke da na sani a kasuwa.

"Malam, mi ya samu dokin naka?"

"Wuta ta ƙare."

"To a ba shi harawa mana. Nawa in ya gaji, ita nika ba shi."

Ban da ƙarfin musu. Muka cicciɓi keken da ƙyar, jakin ya waiwayo ya dube ni, na kau da kai. Kafin azahar muka isa. Mata suka sauke buhuna, ko sannu ba su tsaya yi ba, suka nufi gonaki. Balaraba ce ta dawo da kwaryar ruwa. "Sannu da ƙoƙari, Malam. Amma ka yi haƙuri, jakin za mu fara ba." Iri dai ya shiga ƙasa da sauran laimarta, shi ne abin da ya sanyaya mini rai.

Da yamma amalanken ya dawo da mu gida, na kai keken wajen maƙwabcina Filimon, makanikin moto. Ya gwada ɗaga shi, ya ajiye, ya riƙe ƙugu.

"Maƙwabci, wanga keke ne ko ƙofar gida?"

Ya kwance allon godiya, ya kwance akwatin da sandar tuta. Ya wanke sarƙa da kalanzir, ya saki birkin baya da ke gogar taya, ya rage iska don ya riƙa tafiya a rairayi. Keke ya dawo kamar ya yi azumi. Da na nuna masa batir sai ya ja da baya. "A'a. Ni abin da ba ya ɗigar da mai, ban san ciwonsa ba. Kawo cajarsa mu jona, mu gani in zai farka."

Nan na tambayi kaina. Ashe ana ba da caja?

Na kira Mai Girma Mataimakin Mai Kula. Na ce, "Ranka ya daɗe, keke ya mutu a hanya."

"Allon yana nan lafiya?"

"Mun ɗan cire shi, don nauyi."

Ya yi salati kamar na ce na sayar da buro. Ya ce in mayar da shi yau ɗin nan, domin keke ba tare da allo ba, a wajensu ba keke ba ne. Da na tambayi caja, ya ce in kwantar da hankalina, caja tana cikin kashi na biyu na furoje. Ba a miƙa wa mutum irin wannan kaya sai an horar da shi. Za a yi babban taro a Maradi ran Alhamis kan yadda ake jona ta a bango, da ƙwararru da abincin rana. Kuma dole kowa ya zo bisa kekensa, saboda hoto.

Ku dubi wannan hangen nesa! Da an ba ni ita haka kawai, wa ya san inda zan cusa ta?

Saboda haka in kun ga wani bawan Allah a hanyar Maradi yana turin keke da allo a gaba, kar ku tsayar da shi da doguwar gaisuwa. Da wuri ya fito, yana so ya isa kafin shinkafa ta ƙare.