Rasuwar Foldar da Ta Riƙe Muryar Inna

Da zuciyar da ya kamata a ce ta cika da baƙin ciki, amma har yau ba ta ji komai ba, ni Iliyasu Maliki na Kiyako nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar wata folda ta cikin wayata, wadda duk muryar da na naɗa a cikinta take zama. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a kan benci, a ƙofar gidana. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni na kashe ta, da babban yatsana.

Marigayiya ta zo duniya tare da wayar, shekara huɗu ke nan. Da sunanta na Turanci ta zo, ban taɓa iya faɗinsa daidai ba. A gida ɗakin Inna muke ce mata, domin muryar mahaifiyarmu, Inna Batulu, ce a ciki, naɗi goma sha ɗaya. Ita kuwa Inna bana shekararta biyu a ƙasa.

An shaide ta da riƙon amana da rashin surutu. Ba ta cin data, ba ta neman sabis. Ko a gona, inda waya ke zama kurma, in ka taɓa ta za ta amsa. Wanda ya saurare ta zai ji ana ɓarar gyaɗa, zai ji tarin nan na Inna, sannan: "Kai Iliyasu, wai abin nan yana ji na? To, ka ce ina gaishe shi." Sai dariya. Can gaba kuma: "Kore mini akuyar nan daga kan dawa, ka yi tsaye kamar an dasa ka!" Goma na saurara har na haddace. Na goma sha ɗayan ban taɓa buɗewa ba.

Ga dalili. Inna ba ta taɓa faɗin sunan kakarta da ta raine ta a ƙasar Gwaram ba. Kunya ce irin ta mutanen da, Tsohuwa kawai take cewa, kuma duk waɗanda suka san sunan sun riga ta tafiya. Ana saura wata uku ta cika, ta sa na danna mata jar alamar nan ta naɗin murya, ta kore ni waje. Da na dawo ta ce ta faɗi sunan a ciki, kada kowa ya ji sai ƙanwata Ummussalma, da ke aure a Basirka, ta haifi mace, a sa wa yarinyar. Na riƙe alkawari. Wallahi na riƙe, ko sau ɗaya ban leƙa ba.

Ummussalma ta sauka ranar Asabar da ta wuce, mace. Mijinta, Malam Sada, ya ce ya bar wa Inna zaɓin suna. Ita kuma Ummussalma ta roƙe ni kada in buɗe ni kaɗai, in kawo wayar mu ji tare da safiyar suna.

Game da jinya kuwa, gajeruwa ce. Wayar ta zo da wasu foldoji da ba kowa a cikinsu: Alam, Ringiton, da wani wai shi Fodkas, wanda har yau ban san sana'arsa ba. Ni ba na son tarkace, rumbu ma sai na share shi tas nake zuba sabon hatsi. Sai in goge su. In na kashe wayar na kunna, ga su nan sun dawo, ko kunya babu. Shekara huɗu muna wannan wasa, har na kafa wa kaina doka: abin da aka tura maka a kasuwa shi ke tafiya, abin da waya ta zo da shi yana dawowa. Ranar Talata na so in sami wurin ɗaukar bidiyon suna, wayar ta ce ta cika. Na ce bari in yi shara gaba ɗaya, masu gida za su dawo da ƙafarsu. Na zaɓi duka, na danna. Ta tambaye ni wani abu da Turanci, na amsa mata kamar kullum. Na kashe, na kunna. Duk suka dawo. Ita ma ta dawo, da sunanta, a mazauninta. Na buɗe, fayau.

An garzaya da ita Birnin Kudu a kan acaɓa, wurin Malam Hadi mai gyaran waya. Ya jona ta da kwamfuta, ya yi awa biyu yana dube-dube. Ya tambaye ni ko na taɓa tura wa wani, na ce amana ce, ba a turawa. Ya cire igiyar, ya miƙo mini wayar da hannu biyu. Na dawo gida na ba awaki dusa. Na ci tuwo, har na ƙara.

Ta rasu ta bar Alam, Ringiton da Fodkas, dukkansu cikin ƙoshin lafiya. Ta bar magajiya mai sunanta da kamanninta, wadda ba ta san kowa ba. Ta bar Ummussalma, wadda ba a sanar da ita ba tukuna. Jiya ta bugo sau biyu, na ce mata ina gona. Ta bar jaririya 'yar kwana biyar. Ta bar ni.

Ba wanka, ba likkafani, domin ba a sami gawa ba. Ba zaman makoki, kada kowa ya wahalar da kansa zuwa Kiyako. Za a yi jana'iza jibi Asabar da safe, a Basirka, ƙofar gidan Malam Sada, inda za a shimfiɗa tabarmi a raba goro, rago yana ɗaure. Zan fara shiga cikin gida wurin mai jego, ba zan daɗe ba. In na fito, liman zai matso, ya kawo kunnensa kusa da bakina, ya tambaye ni sunan yarinya.

Ana roƙon mahalarta su yi haƙuri da shirun da zai biyo baya. Shi ne jana'izar.