Ranar da na rantse a kan kwamfutocin Alhaji Mamuda

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na rantse a gaban malaman Gwaram ba, kwamfuta ta tashi ta ƙaryata ni, kuma da kiɗa ta yi. Ni da kaina na janyo wa kaina, babu wanda ya ce in rantse.

Ni 'yar Birnin Kudu ce, gidanmu gidan malamai. Na karanta ilmin kwamfuta a Kano, na dawo gida kaina na rawa, ina ganin duk faɗin kudancin Jigawa babu mai ja da ni a kan na'ura. (Ban daina ganin haka gaba ɗaya ba, sai dai yanzu a zuciya nake faɗa.) Ƙanin Babanmu, Baffa Hamisu, yana da Islamiyyar 'yan mata a Gwaram. Wata rana Alhaji Mamuda, mai motocin haya ɗan Basirka, ya sayo kwamfutocin tafi-da-gidanka na gwanjo daga Kano, ya kawo wa makarantar kyauta don a koya wa yara.

Baffa ya yi godiya, ya sa albarka, sannan ya kulle su a ofis. Da muka je gaishe shi ni da Baba, ya ce, "Yaya, kayan da ba ka san hannun da suka fito ba, ba ka miƙa wa 'ya'yan mutane. Amana aka ba ni. 'Yarka ta duba su. In na ga abu ɗaya tak da bai dace ba a ciki, Alhaji zai zo ya kwashe kayansa, mu sake yi masa godiya."

Wanda ya san Baffa ya san magana ɗaya yake yi. Ga yaran nan kuwa sun riga sun ji labari, kullum suna leƙen tagar ofis. Akwai waɗanda daga Kwandiko ake kawo su a babur, ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba. Ajin nan ko a buɗe shi ko a binne shi, duk yana wuyana.

Za ku ce me ya hana ni goge komai in sake zubi. To, dillalin da ya sayar wa Alhaji ya riga ya sa manhajojin karatu da na rubutu masu kyau a ciki, in na goge ba ni da inda zan samo su, ga sabis ɗin wajen sai an ɗaga waya sama. Dole tsinta zan yi, in bar tsaba in zubar da tsakuwa. Da ka kunna kwamfutocin fuskarsu fes, dillali ya share gaba kamar tsakar gidan da ake jiran baƙi. Amma ni na san inda ake tura shara.

A cikin irin waɗannan kwamfutoci akwai wani rumbu da ake kira rajista, inda na'ura take ajiye bayanin duk abin da ke jikinta. An tsara shi makulli-makulli, kowane babban makulli da ƙanana a ƙarƙashinsa. Akwai wani babba guda da duk manhajar da aka sa wa kwamfuta sai ta buɗe ɗan ƙaramin makullinta a ƙarƙashinsa, da sunanta da yadda ake cire ta. Mutum zai iya buɗewa da hannu yana dubawa ɗaya bayan ɗaya, amma kwamfutocin da yawa, janareton makaranta kuma ba ya son doguwar hira. Sai na zauna na rubuta 'yar manhajata. Aikinta ta je wajen babban makullin ta ce, ba ni na farko, ba ni na biyu, ba ni na uku, tana rubuta sunayen, har kwamfuta ta ce babu saura.

Kai, ranar da ta fara aiki a kan guda ɗaya da Baffa ya bari na tafi da ita gida, na ji daɗi. Sunaye suka zubo, ga wasannin tseren mota, ga na karta, ga na caca, ga wasu da ko sunansu ba zan faɗa a gaban Inna ba. Na kira Baba ya gani, ya gyara tabarau ya ce, "Ikon Allah. Duk wannan a cikin abin da bai kai faranti kauri ba?" Na ce ai Baba kaɗan ka gani.

Daga nan ne wayo ya yi mini yawa. Na ce tunda tana bi ɗaya bayan ɗaya, me zai sa in yi aiki biyu? Sai na ƙara mata umarni: duk makullin da kika karɓa, in ba na karatu ba ne ko na aikin na'ura, cire manhajar nan take, ki wuce na gaba. Na sa wasanni biyu a tawa kwamfutar na gwada, ta cire su tas. Na hau mota zuwa Gwaram, na bi kwamfutocin Alhaji ɗaya bayan ɗaya da manhajar a cikin filashina. Kowace ta gama sai ta rubuto mini da koren rubutu, "An gama, babu saura." (Ni na rubuta mata wannan jimlar da hannuna, ni na zaɓi koren launin, sannan na zauna ina gaskata ta kamar wani ne ya ba ni shaida.) Da na ce mata ta sake lissafo sunayen bayan cirewar, da ba ku ji wannan labari ba. Amma ina, na rufe na tafi cin dambu gidan Baffa.

Ranar buɗe aji aka share babban ɗakin makaranta. Malamai a gaba kan kujeru har da liman, Baba a cikinsu, ya bar darasinsa na safe ya biyo ni. Alhaji Mamuda ya zo da babbar riga tana ƙamshi. 'Yan mata sun cika bencuna. An aro majigi, an jona lasifikar da ake musabaƙa da ita, wai don na baya su ji. Na tashi cikin sabon hijabina na yi bayanin rajista da makullai, ina juya hannu, ina jin kaina. Malamai suna gyaɗa kai. Wani dattijo a cikinsu, Malam Sale, har ya ce, "Madalla da 'yar Malam."

Da na gama Baffa ya dube ni ya ce, "Kin tabbata babu abin da ya rage?"

Abin da ya kamata in ce, iyakar abin da na gani ke nan, Baffa. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne, "Wallahi tallahi, Baffa, ko ɗaya babu. Duk wadda aka ga dama a buɗe."

Na ga Baba ya sunkuyar da kai yana kallon carbinsa. A gidanmu ba a rantsuwa a kan ko gishiri ya ji a miya, balle a kan na'ura.

Baffa ya ce to Alhaji shi ya kawo kaya, shi zai fara taɓawa. Aka ɗauko ɗaya daga tsakiya aka jona da majigi. Alhaji ya zauna yana dariya, ya ce shi fa sitiyari ya sani. Na nuna masa yadda ake jan linzamin kwamfuta, ya buɗe jerin manhajoji yana gangarawa a hankali. Can sai ya tsaya a kan wani ɗan hoto mai kankana da lemo da ayaba.

"Yauwa," in ji shi, "ga darasin noma. Wannan ai namu ne mutanen Basirka."

Ni kuwa na gane hoton. Kafin in buɗe baki ya danna.

Bango ya cika da fitilu ja da rawaya. Kiɗa ya ɓarke a lasifikar musabaƙa, irin mai ganga da tafi. Ga wata baturiya kai ba ɗankwali tana kashe wa malaman Gwaram ido ɗaya, tana nuna wasu layukan 'ya'yan itace da ke juyawa. Wasan caca ne, cikakke. Alhaji ya rikice yana neman kashewa, ya danna babban maɓallin da ke tsakiya, layukan suka juya suka tsaya, kankana uku a jere. Sai ƙarar zubar tsabar kuɗi, baturiya tana tsalle. Alhaji Mamuda, mutumin da ya gina masallaci a tashar mota, ya ci caca a gaban liman.

"A'uzu billahi," in ji Malam Sale, ya kare fuska da hannun riga. 'Yan mata suka tura kai cikin hijabi, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa ina tsaye a gaban kowa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kunyar Baba ta fi komai ci na, don ban iya ko duban inda yake ba.

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce wa yarinyar da ke bakin bencin gaba, "Tashi ki zare wayar lasifikar nan." Sannan ya juya ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. In an yi azahar sai a sa maka su a mota."

Shi ke nan an binne aji. Idona ya ciko, na kafa shi a kan bencin gaba don kada hawaye ya zubo. A nan na ga abin da ya cece ni. Yarinyar nan tana tashi, sauran suka matsa suka cike gurbinta, yadda yara suke yi ko ba a ce musu ba. Ta biyu ta zama ta farko, ta uku ta zama ta biyu. Sai kaina ya yi wani haske.

Na ce, "Allah gafarta Malam, a ba ni dama in nuna inda na yi kuskure. In ban gyara a gabanku ba, ni zan ɗauki kwamfutocin a ka in kai mota."

Baba ne ya ɗago ya ce, "Hamisu, bar ta ta faɗa. Mai laifi ma ana jin ta bakinsa."

Na sa 'yan bencin gaba suka gyara zama. Na ce ta farko ta tashi ta fita. Ta tashi, sauran suka matsa. Na ce, "Yanzu ta biyu ta tashi." Wadda ke zaune a gurbi na biyu ta miƙe. Na nuna wadda ta matso bakin benci tana zaune abinta, na ce, "Wannan fa, wa ya kira ta? Da ita ce ta biyu, amma da ta matsa ta zama ta farko, ni kuma na riga na wuce farko. Haka makullan nan suke yi. Duk wanda na cire, na bayansa sai ya matso gurbinsa, manhajata ta tsallake shi ba ta sani ba. A kwamfutata wasannin da na gwada ba sa maƙwabtaka da juna, shi ya sa ban gani ba. A nan kuwa tarkacen a jere suke."

Malam Sale ya sauke hannun riga ya ce, "Wato ɓarawon ya fake a gurbin ɗan'uwansa."

Na ce haka ne, Allah gafarta Malam. Na zauna a gaban majigi, kowa yana kallon abin da nake rubutawa a bango. Gyaran bai fi 'yan layuka ba. Na ce mata ta fara tattara sunayen makullan duka ta riƙe, kada ta taɓa kowa, sai ta gama sannan ta bi su da suna tana cirewa. In ta ƙare ta koma ta sake lissafowa daga farko, ta nuna duk abin da ya rage a fili. Koren rubutun nan kuwa na goge shi da hannuna, ban ji tausayinsa ba.

Aka sake gwadawa. Baturiya ta tafi da kankanarta. Sunayen da suka rage suka fito a bango, Baffa ya sa na karanta su ɗaya bayan ɗaya ina faɗin aikin kowanne. Ya ce a kawo ta gaba. Haka muka bi kwamfutocin nan kaf, aka yi azahar aka dawo, Alhaji ya aika aka ƙaro man janareto. Baffa bai tashi daga kujerarsa ba sai da ya ga ta ƙarshe.

Ana cikin haka malamai suka buɗe mas'ala a kaina, ina zaune ina ji. Shin 'yar Malam za ta yi kaffara? Wani ya ce ai ta rantse kuma ta faɗi. Malam Sale ya ce a'a, wanda ya rantse a kan abin da ya sakankance haka yake, daga baya ya bayyana ba haka ba, rantsuwarsa lagwu ce, babu kaffara. Aka yi ta jawo hujja, ana cewa "ita wannan yarinya", kamar ba ni ce a gabansu ina danna na'ura ba. Alhaji ya ce shi a fara duba masa tasa mas'alar, tunda shi ya ci kuɗin. Har Baffa sai da ya murmusa.

Da la'asar Baffa ya miƙo mini makullin ofis ya ce, "Ranar Asabar ki fara da 'yan aji babba. Kaffara babu, malamai sun wanke ki. Amma duk farkon zango za ki haska mini sunayen nan a bango in gani da idona."

Muka hau motar komawa Birnin Kudu ni da Baba, muka yi nisa. Ina ta jiran faɗa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Bayanin bencin nan ya yi kyau. Ko ni na gane." Na juya wajen taga na yi kukana a hankali, na daɗi ne.

Ajin yana nan har yau, kuma 'yan matan da suka fara da ni akwai waɗanda yanzu suke rubuta tasu manhajar. Ina alfahari da su ba kaɗan ba, ina alfahari da kaina ma, ba zan ɓoye ba. Darasin farko da nake koya musu shi ne kada ki cire abu daga layi kina cikin ƙirga layin, kuma kada ki yarda da na'urar da ke yabon aikinta da kalmomin da ke kika sa mata a baki. Ni kuwa tun daga ranar, ko Inna ce ta tambaye ni ko na kashe risho, sai na koma na duba sannan in ce mata, "Allah ne masani, Inna, amma zo ki gani."