Jan Hatimin Baba Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a otal ɗin da nake aiki a Madina ba, ko da kuwa na so in manta. Shekara goma sha ɗaya aikina guda ne: a miƙo takarda, in ɗaga hatimi, in buga shi dam a kan sa hannun manaja, rabinsa ya hau rubutu don kada wani ya yi jabu. (Matata ta rantse ko a barci hannuna yana yi.)

Cikin alhazan ƙasar Sin da suka sauka wajenmu akwai wani dattijo, limamin ƙauyensu, mai magana da Larabci a hankali kamar yana tauna dabino. Baba Alhaji nake kiransa. Ana gobe za su tafi ya roƙi aron teburin ɗakin cin abinci. Takarda ɗaya tak ta rage masa cikin waɗanda ya taho da su daga gida, doguwa, shara-shara, ga shi ya yi wa matarsa alkawarin zai rubuto mata wani abu daga garin Manzo, tunda ciwon ƙafa ya hana ta zuwa.

Na tsaya kallo. Ya niƙa tawada a kan dutse da ɗigon zamzam, ya tsoma buroshi, ya ja manyan haruffa huɗu daga sama zuwa ƙasa. Ma'anarsu, in ji shi, zaman lafiya a gida. Sai ya koma gefen hagu ya jera ƙanana: wadda aka rubuta wa, a ina, yaushe, sannan sunansa. Sauran takardar ya bar ta fara fat.

Na ce, "Baba, ai wuri ya rage da yawa."

Ya ce, "Nan rubutun yake shan iska."

Wallahi maganar nan ta tafi da ni. Hasken rana yana ratsa labule, tawadar tana ƙanshi kamar ƙasa bayan ruwan farko, sai ga ni a wani garin da ban taɓa zuwa ba, gajimare kwance a kan duwatsu, wata tsohuwa a bakin taga tana jiran mijinta. Har na hango kaina cikin doguwar riga, da ɗan siririn gemu, ɗalibai suna zuba mini shayi. (Ni da ko wasiƙa ban taɓa gamawa ba sai da goge-goge.)

Ina cikin wannan ya miƙo mini ɗan hatiminsa na dutse, ya riga ya shafa masa jar tawada. Hannunsa ya gaji. Ya ce, "Ɗana, taimake ni ka danna." Daga baya aka ce mini ya nuna wurin da yatsa, can gefe, ƙarƙashin sunansa. Ban gani ba. Kaina yana Sin, hannuna yana ofis.

Dam! A tsakiyar babban harafi, a karkace, rabi kan baƙi rabi kan fari.

Abbakar, abokin aikina ɗan Chadi, ya ajiye butar shayi ya ce, "Ya sattar! Ya akhi, iƙama ce, takardar izinin zama, aka ba ka? Khalas, shi ke nan, ka kashe ta."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu wata takardar, jirginsu da safe ne, tsohuwa kuma tana jira. Na ce, "Baba, don Allah ka yafe mini."

Ya daɗe yana duban ɓarnar. Sai ya ɗauki siririn buroshi ya ƙara layi ɗaya a gefen hagu. Da ƙyar na tambayi abin da ya rubuta.

Ya ce, "Na rubuta cewa wani bawan Allah mai hidimar alhazai ne ya buga hatimin, da dukkan ƙarfinsa. Yanzu za ta yarda a Madina aka yi. A garinmu babu wanda zai iya wannan."

Ke nan yanzu haka ina rataye a wani ɗaki a ƙasar Sin, duk baƙon da ya shigo sai an ba shi labarina. Tun ranar, in aka miƙo mini abin da ba nawa ba, sai na tambaya "A ina?" sau biyu, ko za a ce ni wawa ne. Wautar tambaya dai ba a rataye ta a bango.