Man Shanu a Kaskon Mama Rut

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shiga kicin ɗin maƙwabciyata da taƙamar gwaninta, na fito ina neman ramin ɓuya. ('Yata Hadiza ce ke rubuta wannan, ni ban san biro ba. Na ce mata idan ta ga na yi kuka ta ci gaba da aikinta, tun rasuwar Malam hawayena ba sa neman izini.)

Bayan rasuwar ne Hadiza ta ɗauko ni daga Maradi ta kawo ni ƙasar Turawa, birnin Greensboro, unguwar Glenwood. Gidan da ke kusa da namu na wata tsohuwa Bayahudiya ce, Mama Rut. Ita ma mijinta ya rasu a shekarar. Ba na jin Turanci, ba ta jin Hausa, amma mukan zauna a barandarta mu sha shayi, kowa ta yi kukan mijinta da harshenta.

Da sanyi ya shigo, bikinsu na Hanuka ya zo, wanda suke kunna kyandir suna cin abin da aka soya da mai. Akwai wainar dankali da suke kira latke, kuma a gidanta marigayin ne ke soyawa, da dankalin Hausa mai zaƙi, a wani baƙin kasko mai nauyi. Ita hannuwanta sun riƙe da ciwon gaɓɓai. Ga ɗanta Dauda zai zo da iyalinsa, bikin farko babu uba. Ta ce wa Hadiza idan babu wainar nan, kujerar mijinta za ta fi yin fanko.

Na bugi ƙirji. "Gaya mata ni na tsufa a bakin tandar masa. Dankali kuma har wani abu ne?"

Ashe wani abu ne. Na gurza shi, na sa albasa da ƙwai da fulawa, sai hannuna ya tuna ƙullin ƙosai, na ƙara ruwa. Ina zubawa a mai ya watse kamar kasuwar da ruwan sama ya tarwatsa. Mama Rut ta miƙo mini farin ƙyalle tana murɗa hannu. Ashe matse ruwan ake yi, ni kuma ina ƙarawa! Na matse. Zubi na biyu ya ƙone a waje, ciki ɗanye, don zaƙin dankali ba ya son wuta mai ƙarfi. Na rage wuta, na baje su sirara. Na uku ya fito ja, gefensa na ƙaras-ƙaras.

Da na tsaya nan, da na fita da mutuncina.

Amma na ɗanɗana, na ji babu ƙamshin da ke kiran mutum daga zaure. Malam, Allah Ya jiƙansa, ba ya cin masa sai da man shanu. Mama Rut ta tafi jera kyandir, ni kuwa na lallaɓa gida na ɗauko kwalbar soyayyen man shanun da ƙanwata ta aiko mini, wadda ko Hadiza ba na bari ta taɓa. Na zuba ba rowa. (Tun farko ta nuna mini kwanukanta kashi biyu, masu jan alama da masu shuɗiya, tana ta girgiza yatsa. Na gyaɗa kai kamar na gane. A zatona na baƙi ne da na yau da kullum.)

Dab da magariba baƙi suka iso, har da Hadiza, gasasshen naman sa na jira a kan tebur. Dauda ya leƙo kicin, ya ɗauki waina ɗaya da yatsa, ya lumshe ido. Hadiza ta ce, "Inna, wai har ta fi ta babansa. Yana tambaya me kika sa."

Na ɗaga kwalbar sama kamar wadda ta ci gasa. "Man shanun Maradi!"

Hadiza ta buɗe baki za ta fassara, sai ta dafe kai. "Inna! Ba sa haɗa nama da abin da ya fito daga nono! Kaskon nan ma na nama ne!"

Innalillahi. Ni da ke sa Hadiza ta karanta mini bayan kowace ledar alewa a kantunan garin nan don gudun kitsen alade, ni ce na shiga gidan mutane na ɓata musu kaskon mamaci. Na ja mayafi na rufe fuska, ina cewa a yafe mini da Hausa, da Zabarmancin da ban iya ba ma.

Mama Rut ta karɓi kwalbar ta shinshina. Ta dubi kaskon ta daɗe, idonta ya cika. Sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙugu. Ta yi wa Dauda magana, ya ɗauki naman ya mayar firij. Hadiza ta ce, "Wai nama ya jira gobe, yau ranar nono ce." Aka fito da kwanuka masu shuɗiyar alama, waɗanda ashe su ne na nono, da kindirmo mai kauri, aka kunna kyandir, aka cinye wainar tas.

Da za mu tafi, ta naɗe kaskon a tawul ta ɗora mini a hannu. Ta ce tunda ya ɗanɗani man shanu, ya zama ɗan gidanmu, kuma mijinta ba ya son kaskon da ke zaune babu aiki.

Yana nan a kicin ɗinmu. Ranar Juma'a nakan soya wainar dankali a ciki, in yi wa Malam addu'a, in kai mata nata a kwano mai shuɗiyar alama. Yanzu kuwa idan aka girgiza mini yatsa da harshen da ban ji ba, ba na gyaɗa kai. Hadiza nake kira.