Ranar Da Na Gaya Wa Surukina Na Shiga Duniya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar cikin damina, ranar da na tsallaka gada daga Treichville zuwa Adjamé neman aure, na dawo gida da sunan ɗan iska. Kuma ba wanda ya yi mini ƙazafi. Ni na zauna gaban dattawa na ba da shaida a kan kaina, da bakina, ina murmushi.

Bari in fara gabatar muku da mai laifin. A Arras aka haife ni, nan cikin Treichville a birnin Abidjan. Kakana ne ya zo daga Katsina fataucin goro, ya ga ruwa da ganye, ya ƙi komawa. Kafin a zo kaina, Hausar gidanmu ta tsinke kamar kokon da baƙi suka yi wa yawa. Ina jin gaisuwa, ina jin sunan abinci, ina jin faɗa (wannan kam har da karin magana, albarkacin mahaifiyata), amma tunani da Faransanci nake yi. Hausar da kuke karantawa yanzu daga baya na same ta, da gumin goshi. A lokacin ina koyar da fizik a wata lise, wato sakandare, kuma ina ji da kaina, domin a jami'a na yi bincike a kan tambayar da ba kowa ke kusantarta ba: shin wannan sararin da muke ciki, da rana da taurari da komai nasa, shi kaɗai ne, ko akwai wasu irinsa? Sannan bayan gaba da baya, dama da hagu, sama da ƙasa, ko akwai wata fuskar da idonmu ba ya gani?

Zulai kuwa, wadda na je neman aurenta, a wata farmasi take aiki a Belleville. Maganin hawan jinin mahaifiyata na je saye, sai na koma zuwa sayen abin da ba na buƙata, har ta ce idan na ƙara sayen auduga za ta haɗa ni da likita. Da Faransanci muke hira, shi ya sa ba ta san zurfin ramin da nake ciki ba. Tana son labaran sararin nan nawa, ko aƙalla tana nuna tana so.

Mahaifinta, Alhaji Sabi'u, ɗan Kano ne tsantsa, mai shigo da atamfa, shagonsa na bayan kasuwar Roxy a Adjamé. Shekarunsa a Abidjan sun fi nawa a duniya, amma har yau idan ka yi masa Faransanci sai ya dube ka kamar ka taka masa sallaya. Ya ce kafin manya su zo, yana so ya ga yaron da idonsa. Zulai ta ja mini kunne cewa in gaishe shi, in amsa abin da aka tambaye ni a taƙaice, in yi shiru. Kawu Iliya, ƙanin mahaifiyata, bakanike ne a Arras kuma shi ne mai Hausar kirki a danginmu, shi aka haɗa ni da shi. A cikin woro-woro, tasin da ake shiga a haɗe, tun daga Treichville har muka sauka, magana ɗaya yake nanata mini, wai baki shi ke yanka wuya. Na ce masa kada ya damu, mutumin da ke tsayawa gaban yara sittin kullum ba zai ji tsoron tsoho ɗaya ba.

Ashe ba ɗaya ba ne, huɗu ne. Alhaji na zaune a kan kujera tsakanin tulin atamfofi, abokansa uku na kan benci, ana shan shayi. Na cire takalmi, na durƙusa, na zubo gaisuwar da na yi mako guda ina haddacewa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ɗaya daga cikin dattawan har ya ce yaro ya yi tarbiyya. Wannan yabon shi ya kashe ni. Kaina ya kumbura, na ji kamar a Kano aka yanke mini cibiya.

Alhaji ya tambayi sana'ata, na ce malamin makaranta ne. Ya gyaɗa kai. Da nan aka tsaya, da yau ba ni da labari. Sai ya ce Zulai ta gaya masa na yi karatu mai zurfi, a kan me na yi shi?

Na laluba cikin ɗan buhun Hausata ina neman kalmar da za ta ɗauki sararin samaniya duka. Kalma ɗaya na samu. Na gyara zama.

"Alhaji, ni tun ina ɗan shekara goma sha tara na shiga duniya."

Shagon ya yi tsit. Ni kuwa na san irin wannan shirun, shi ne wanda ajina ke yi idan darasi ya kama su (haka na zata). Sai na ƙara wuta. Na ce ba ma duniya ɗaya ba, duniyoyi da yawa na shiga, kuma duk wanda ya ɗanɗana abin ba ya iya fita, ni ma har yau ban fita ba.

Alhaji ya ajiye kofinsa a hankali. Ya tambaya ko iyayena sun san da wannan.

Na ce ai mahaifiyata ce ma ta ƙarfafa mini gwiwa, lokacin da na so in bari ita ta ce in dage. Na ƙara da cewa yanzu haka duk Laraba da yamma ina tara yara, maza da mata, ina nuna musu hanya.

Kawu Iliya ya taka mini ƙafa. Na ɗauka wurin ne ya yi masa ƙunci, na matsa masa. Ya yi tari, na miƙa masa ruwa. Ina ganin dattawan nan sun zuba mini ido, sai malamin da ke cikina ya ce lokacin misali ya yi, domin darasi ba ya zama sai da misali. Akwai wanda nake ba ɗalibaina kullum su yi ta dariya: idan sararin yana da yawa, to mai yiwuwa a wani akwai mai kama da kai sak, wanda rayuwarsa ta bi wata hanya dabam. Da Faransanci akwai "idan" da "mai yiwuwa" a ciki. Da na juye shi zuwa Hausata, duk suka zube a hanya.

"Misali ni, Alhaji. Kun gan ni nan ba ni da aure. To a wata duniyar ina da mata da 'ya'ya uku."

"A ina suke?" in ji Alhaji.

"Wurin ba ya zuwuwa. Ko an nema ba za a gan su ba."

"Zulai ta san da su?"

"Na gaya mata tun tuni. Ta ce abin ya burge ta."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi salati ƙasa-ƙasa. Alhaji bai ɗaga murya ba, bai ma ƙara dubana ba. Ya juya wajen Kawu ya ce, "Malam Iliya, mun gode da ziyara. A gaida gida."

Ban san lokacin da na sa takalmi ba, domin Kawu jana yake kamar akuyar da aka kama a gonar mutane. Sai da muka kai tsakiyar Roxy, inda yaran motocin gbaka ke ta kiran fasinjojin Abobo da Yopougon, ga yayyafi ya fara, sannan ya sake ni. Ina buɗe baki in tambaye shi ko ya ga yadda suka natsu, ya ce in rufe. Da Faransancinsa na gareji ya warware mini: idan Bahaushe ya ce wane ya shiga duniya, yana nufin ya bar gida, ya yar da tarbiyya, ya kama giya da caca da neman mata. Ya lissafa mini da yatsu abin da na shaida wa mutanen nan. Ni tantiri ne tun ina saurayi. Uwata ce ta ɗaure mini gindi. Ina lalata 'ya'yan mutane duk Laraba. Na ɓoye mata da 'ya'ya uku a wata ƙasa. Kuma 'yar Alhaji ta sani, ta ce ya burge ta.

Na tsaya cikin babbar rigar aro, ruwa na sauka a kaina, ina roƙon ƙasa ta tsage. (A nan ne na fara fatan da gaske akwai wata fuska ta huɗu, in bi ta in ɓace.) Wata mai sayar da aloko, soyayyar ayaba, ta dubi fuskata ta ce mini "yako", irin jajen da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa. Ban gyara mata ba.

Labari ya riga mu tsallaka ruwa. Muna shiga gida na tarar da mahaifiyata a tsaye, tana so in gaya mata ranar da ta tura ni yawon banza. Zulai ta kira, ta yi dariya har numfashinta ya ɗauke, daga nan dariyar ta juye kuka, domin Alhaji ya ce kada manyan kowa su taka masa gida. Ta yi masa bayani, bai sauko ba. Kawu ya ce zai je da limamin unguwarmu su ba da haƙuri. Na kwana uku ina juya abin. Ran na huɗu na ce a'a, bakin da ya ɓata shi zai je ya gyara, ko da zai ƙara ɓatawa.

Da safe na je, ni kaɗai. Alhaji na auna wa wata mata yadi. Ya bar ni a tsugune har ta tafi. Na ce masa ban iya Hausa ba, na yi rigar aro da ita ne kamar yadda na yi da babbar riga. Na rantse ba ni da mata ko a nan ko a wani wuri, giya kuwa ko warinta ba na so. Ya ce wannan ya riga ya bincika, har makarantar da nake koyarwa ya tura mutum. Abin da yake so ya ji dabam ne.

"Waɗannan duniyoyin naka, akwai su ko babu?"

Amsoshi masu ƙyalli sun zo mini, na haɗiye su. Na ce, "Ban sani ba, Alhaji. Ba wanda ya sani tukuna."

Na gaya masa lissafi ne ya nuna abin zai iya yiwuwa, amma ba wanda ya gani, ba na'urar da ta kamo shi, kuma cikin masanan ma akwai masu cewa ɓata lokaci ne. Ya tambayi zancen fuskokin da ba a gani. Na tsinko zare daga bakin wata atamfa, na miƙe shi, na ce daga nesa tsawo kawai gare shi, amma tururuwar da ta hau shi tana iya zagaya shi, ita ta san yana da wata fuskar da mu ba mu lura da ita ba. Ana zaton sararinmu ma haka yake, wasu fuskokinsa a naɗe suke, sun yi ƙanƙanta da yawa.

Ya karɓi zaren ya murza. Sai ya jawo atamfa biyu masu zane iri ɗaya, ya ce in faɗi bambancinsu. Na duba, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, launi ɗaya. Ya ce in taɓa. Nan ma ban ji komai ba. Ya ce ɗaya ta fi ɗaya kauri, mai saye ba ya gani, shi ma sai da ya shekara goma a sana'ar kafin yatsunsa su fara ji. Kaurin kuwa yana nan tun kafin ya iya jin sa. Daga nan ya ba ni labarin cewa yana yaro a Kano wani bafatake ya gaya musu akwai ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa, suka yi masa dariya, sai ga shi wata rana tsaye a bakin teku a Port-Bouët, yana neman gafarar mutumin a zuciyarsa. Ya ce mu da aka gaya wa sammai bakwai ne, ba mu ne za mu yi wa ikon Allah iyaka ba. In ci gaba da nema, wataƙila cikin yaran nan na Laraba wani ya gano.

Ya ce samari uku sun zo neman Zulai kafin ni, kowannensu ya san komai. Ni ne na farko da ya ce bai sani ba. Sai dai ba zai ba da 'yarsa ga wanda zai je gaisuwar mutuwa ya yi barka ba. Don haka duk Asabar in zo shago in zauna, ba Faransanci ko kalma ɗaya, shi ya gyara mini harshe, ni kuma in ba shi labarin taurari.

"Bayan wata uku, ka turo manya."

Wata biyar aka yi, domin sai da na ƙara yin ɓaranɓarama biyu (waɗannan zan mutu da su a ciki). An ɗaura aure, kuma har yau dattawan bencin nan idan suka hango ni sai su tambayi lafiyar iyalin can, in ce suna gaishe su. 'Yarmu ta fari yanzu tana aji uku, kuma kakanta ne ke nuna mata zare da tururuwa, yana faɗa kamar shi ya ƙirƙiro.

Ko akwai wasu duniyoyin, har yanzu amsata ba ta canja ba, kuma ina fatan in ga ranar da za ta canja. Abin da na tabbatar dai shi ne, kafin mutum ya tashi bayanin abin da ke bayan sammai, ya fara sanin ma'anar abin da ke fita daga bakinsa. Kuma idan dattawa huɗu suka yi tsit suna kallonka, kada ka yi saurin cewa iliminka ne ya burge su. Duba ƙafarka tukuna, ka ga ko wani na taka ta.